Saura sati uku maigidana ya koma banki, amma ko ƙarar wayar ofis ba ya iya ji

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Maigidana ma'aikacin banki ne a nan Kano, shekararsa 11 a sashen nemo masu ajiya. Tun bara na ga ya fara canjawa: barci ya ƙaurace masa, abinci sai ya tsakura ya ture, abu kaɗan ya hau yara da faɗa. Wata Litinin aka kira ni daga ofis wai ya yanke jiki ya faɗi ana cikin taro. A asibiti aka duba zuciya, aka auna suga, aka ce babu komai sai jininsa da ya ɗan hau. Likita ya ce wahalar aiki ce da damuwa suka taru suka kayar da shi, ya tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Aka ɗora shi a kan magani, aka rubuta masa hutun wata uku.

Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, yana barci, yana wasa da yara, yana fita masallaci. Amma da zarar wayarsa ta yi ƙara ya ga lambar ofis, sai gumi ya karyo masa, hannunsa ya kama rawa. Rannan mun bi ta titin ofishinsu a mota, sai da ya gangara gefen hanya ya kifa kai a sitiyari. Hajiyarsa ta ce sammu aka yi masa a wurin, kada ya sake taka ƙafarsa. Yayansa ya ce ragwanci ne, namiji ba ya haka. Manajansa kuma ni yake kira yana tambayar yaushe zai dawo. Ga yara huɗu, ga haya, ga bashin mota da ake cira a albashi. Shi cewa yake in bar shi sai ya warke sarai. Saura sati uku hutun ya ƙare. Anti, in matsa masa ne ko in ƙyale shi?

Ƙanwarki, daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri, don na san wata biyun nan ke ma ba barcin kirki kike yi ba.

Kin ba ni zaɓi biyu, matsawa ko ƙyalewa, kuma duk wanda kika ɗauka a ciki zai cutar da shi. In kika matsa ya koma ranar da hutun ya ƙare, ya zauna a kujerar nan, da adadin kuɗin nan da aka ɗora masa ya nemo, da taron nan na Litinin, to kin mayar da shi bakin ramin da aka ciro shi. In kuma kika bar shi yana jiran ranar da zai farka ya ji tsoron ya tafi gaba ɗaya, ranar ba za ta zo ba, domin irin wannan tsoron zaman gida ƙiba yake sa shi. Zai koma da yardar Allah, amma da kaɗan-kaɗan, kuma sai an rage kayan da suka durƙusar da shi. Sati ukun da suka rage na shirya wannan ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki dubi wanda ya karye a ƙafa. Mai ɗori ya ɗaure, an yi kwanaki, an kwance. Babu mai hankalin da zai ce masa ya tashi ya saɓi buhun masara a ranar. Babu kuma mai ɗorin kirki da zai bar shi a kwance har sai ƙafar ta daina ciwo ƙaf. Cewa yake a taka da sanda, yau zuwa ƙofar ɗaki, gobe zuwa zaure, jibi masallaci, don ƙafar da ba a takawa shanyewa take yi. Abin da ya sami maigidanki karaya ce, sai dai ba ta fitowa a hoton asibiti.

Kuma abu ne sananne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin irin wannan ƙarewar ƙarfi a kundinta na rarraba cututtuka. Ba ta lissafa shi a matsayin cuta mai zaman kanta ba, ta ce yanayi ne da matsin wurin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma ta ba shi alamomi uku: mutum ya ji ƙarfinsa ya ƙare, ya ji aikin ya fita daga ransa, sannan ƙwazonsa ya ragu. In abin ya yi nisa yakan zo da ciwon damuwa ko na fargaba, waɗanda su cututtuka ne sosai, masu magani. A 2022 hukumar ta ce waɗannan biyun suna cinye ranakun aiki kusan biliyan 12 duk shekara a duniya. Ki ajiye wannan a ranki saboda ranar da za a sake ce miki ragwanci ne. Ragon mutum ba ya shekara 11 yana yawon nemo wa banki kuɗi a ranar Kano.

Zan ba ki labarin ƙanena, don a kansa na koyi abin da nake gaya miki. Ma'aikacin jinya ne, ya yi shekaru a ɗakin da ake kawo masu haɗari, har ranar da ya kasa. Aka ba shi hutu, ya murmure, ya yi ƙiba, kowa ya ce ya warke. Mu da kanmu muka ce ya isa haka, ya koma. Ya koma aka sa shi aikin dare tun satin farko, kamar bai taɓa tafiya ba. Kullum zai sa fararen kayansa, ya hau mashin, matarsa ta yi masa Allah ya tsare. Sai a kwana na tara wani maƙwabci ya zo ya ce mini ya gan shi zaune a bencin mai shayi, tsallaken titi da ƙofar asibitin, da ƙarfe ɗaya na dare. Na je na same shi, kofin shayi a gabansa ya yi sanyi, ya zuba wa ƙofar ido. Ya ce, “Yaya, wallahi kwana huɗu ke nan ina zuwa nan, ƙafata ta ƙi shiga.” Ya ji kunyar komawa gida ya faɗa, shi ya sa yake kwana a bencin har asuba. Hutun da ya biyo bayan wannan ya ninka na farko, kuma abin da ya fi wuyar gyarawa shi ne yardar da ya daina yi wa kansa. Karo na biyu muka bi ta likita, aka fara mayar da shi sashen masu zuwa ganin likita su koma gida, safiya kawai, kwana uku a sati. Yau yana nan yana aikinsa. Har yanzu in na tuna mu ne muka tura shi karon farko, raina yakan sosu.

To abin da za ki fara yi cikin satin nan: ku koma wurin likitan da ke duba shi, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku shiga tare in ya yarda, domin maza da yawa in likita ya tambaye su sai su ce “alhamdu lillahi, da sauƙi” su yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita zancen wayar, da gumin, da tsayawar da ya yi a gefen titi. Wannan shi ne ragowar ciwon, kuma yana da nasa magani dabam da ƙwaya. Ki roƙi a haɗa shi da masanin halayyar ɗan'adam, mai yin magani ta hanyar zama da tattaunawa. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau.

Abin da irin wannan masani zai yi da shi ba wani sihiri ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Jikin maigidanki ya haɗa ofis da faɗuwar nan, shi ya sa ko lambar wayar ta isa ta sa zuciyarsa dukan uku-uku. Duk ranar da ya kauce wa abin, zai ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, sai jikin ya ƙara gaskata cewa lallai maciji ne. Ana warware wannan ta hanyar kusantar tsumman a hankali har jiki ya gane. Yau ku bi ta titin ke kina tuƙi ko wani yana tuƙi. In ya saba, ku tsaya tsallaken ofis minti goma, ya zauna har bugun zuciyar ya lafa da kansa, don yana lafawa in aka ba shi lokaci. Daga nan ya haɗu da abokin aiki ɗaya da yake jin daɗinsa a waje, su ci tsire, su yi hira. Daga nan ya shiga cikin ginin lokacin da babu cunkoso, ya gaisa da masu gadi, ya fito. Ba a tsallake mataki, ba a kuma ja masa hannu da ƙarfi. Shi zai ce yau zan iya wannan, ke rakiya ce taki.

Sai takardar likita, kuma nan ne nake so ki fi mayar da hankali. A wurinmu takardar likita magana biyu kawai ta saba yi, ko “ba zai iya aiki ba” ko “ya warke”. A Birtaniya tun 2010 takardar tana da wani gurbi na daban, inda likita zai ce mutum zai iya aiki idan an rage masa awoyi, ko an sauya masa irin aikin, ko an bar shi ya dawo mataki-mataki. A Suwidin likita na iya rubuta wa mutum hutun rashin lafiya na kashi 25 ko 50 ko 75 cikin ɗari na lokacin aikinsa, ya yi sauran a ofis. Mu ba mu da fom irin wannan, amma babu abin da ya hana likita ya rubuta hakan a wasiƙa da hatimin asibiti, kuma ma'aikatu sun fi jin maganar takarda mai hatimi fiye da roƙon baki. Ku roƙe shi ya rubuta abin da maigidanki zai iya da abin da bai kamata a ɗora masa ba tukuna, da tsawon lokacin. Ba sai ya zayyana sirrin ciwon ba.

In ni ce, ga abin da zan kai wa likita ya duba ya gyara. Sati biyun farko kwana uku a sati, daga safe zuwa azahar, aikin cikin ofis, babu fita nemo kwastoma, babu taron Litinin. Sati biyu na gaba kwana biyar, har yanzu rabin yini. Sannan a ja zuwa la'asar, sannan cikakken yini wajen sati na shida ko na takwas. Adadin kuɗin da ake ɗora masa ya nemo, wanda su suke kira taget, a ɗage masa shi kamar wata uku, in zai dawo ma ya dawo da rabi. Kuma a sa ranar da za a riƙa zama duk sati biyu a duba yadda abin ke tafiya, domin wani satin sai an koma baya da mataki ɗaya, kuma hakan ba faɗuwa ba ce.

Kafin a rubuta wannan sai an san ainihin abin da ya karya shi. “Aiki ya yi yawa” bai isa amsa ba. Ki samu lokacin da yake cikin natsuwa, ki ɗauko takarda da biro, ki ce ya lissafa miki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila taget ɗin ne da ake ƙarawa duk wata uku ko an cika na baya ko ba a cika ba. Wataƙila saƙonnin WhatsApp na rukunin ofis ne da ke shigowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana tambayar nawa ka kawo yau. Wataƙila tsayar da mutum ne a gaban ƙannen bayansa a karanta sunansa cikin waɗanda suka gaza. Na lura a taron Litinin ya faɗi, kuma ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. In kuma ya zama mutum ɗaya ne, wani oga da ya sa shi gaba, to rage awoyi ba zai yi maganin komai ba, sauyin reshe ko sauyin sashe za a nema. Banki ba sashen nemo kuɗi kaɗai gare shi ba. Mutumin da ya shekara 11 ya san aikin ciki, ya san kwastomomi, kuma horar da sabo ya kai inda yake ya fi musu tsada a kan su yi masa sassauci na wata biyu. Da wannan harshen za a yi musu magana.

Maganar kuma da sashen kula da ma'aikata za a yi ta, a rubuce, da sa hannunsa, a haɗa da wasiƙar likita, a riƙe kwafi. Alkawarin da manaja ya yi a waya yakan bi iska ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Shi kuma manajan, in ya sake kiranki, ki gaishe shi da mutunci, ki gode masa da kulawa, ki ce likita na shirya takardar yadda zai dawo kuma za ta iso ta hannun sashen ma'aikata. Kada ki ba shi rana daga bakinki. Ba ke ce ma'aikaciyarsu ba, kuma ba daidai ba ne a mayar da ke 'yar aike tsakanin mara lafiya da ofishinsa. Abin da ya fi shi ne a samu mutum ɗaya a ofis, wanda maigidanki ya zaɓa, su riƙa magana sau ɗaya a sati a lokacin da suka tsayar. Yanke hulɗa gaba ɗaya ba shi da kyau, don yana sa mutum ya ji an manta da shi, ƙofar ta ƙara yi masa nauyi.

Ki san kuma inda kuka tsaya a doka, ko da ba za a kai ga amfani da ita ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi biyan ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara idan likita ya tabbatar ba shi da lafiya, amma ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru ba, saboda haka haƙƙin irin su maigidanki yana cikin takardar ɗaukarsa aiki da kundin ƙa'idojin ma'aikatan bankin. Ku nemo su ku karanta: wata nawa ake biyan cikakken albashi, yaushe ake komawa rabi, yaushe ake kai mutum gaban kwamitin likitoci. Ku duba kuma ko bankin ne ya ɗauke shi kai tsaye ko ta hannun kamfanin kwantiragi, don wannan yana canja wanda za a rubuta wa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo a sashe na 8, har da wanda ya samo asali daga ɗora wa ma'aikaci abin da ya wuce ƙarfinsa, kuma akwai wa'adin shigar da buƙata. Sannan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta hana a kori mutum daga aiki don kawai yana da irin wannan lalura ko ya taɓa yin ta. In ɗan ƙungiya ne, ASSBIFI ta manyan ma'aikatan banki ko NUBIFIE ta ƙanana, ya sanar da wakilinsu. In abu ya ɓaci akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai sauraron rikici tsakanin ma'aikaci da ma'aikatarsa. Amma kada wasiƙarku ta farko ta zo da ƙamshin barazana, a fara da neman haɗin kai. Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai da babbar murya: kada ya rubuta takardar ajiye aiki a wannan halin, ko wa ya ba shi shawara, ko da an zo masa da ita cikin lallami. Mutumin da ke cikin fargaba ba ya ganin nesa, kuma wanda ya ajiye da hannunsa ya sauke wa ma'aikata nauyi mai yawa.

Yanzu Hajiya. Kada ki yi jayayya da ita a kan sammu, ba za ki ci riba ba, kuma uwa ce da ta ga an kawo mata ɗanta a kwance. A cikin maganarta ma akwai gaskiya: wani abu a wurin nan ya cutar da shi, kuma bai kamata ya koma ya same shi yadda yake ba. Ki fara daga nan. Ki je har ɗakinta ki durƙusa ki ce, “Hajiya, mu ma ba mu yarda ya koma yadda yake da ba, likita zai rubuta a canja masa, mu dai addu'arki muke nema.” Ki bar mata ɓangaren addu'a da sadaka ta riƙe, nata ne. Akwai addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yawaita, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ki duba yadda ta haɗa bashi da danniyar mutane a wuri ɗaya da damuwa, kamar halin da maigidanki yake ciki aka kalla. Iyakar da za ki tsare ita ce magani. Duk wanda ya zo da rubutu ko hayaƙi ya ce sai an ajiye ƙwayar asibiti, a nan za ki tsaya, kuma ya fi kyau maigidan ne zai faɗa da bakinsa, ko wani malami da Hajiya ke jin maganarsa.

Zancen maganin nan yana da muhimmanci, don daidai wannan gaɓar mutane suka fi yin kuskure. Mutum ya ji sauƙi sai ya ce ya warke ya watsar. Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, kuma likitoci kan so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sannan a janye a hankali. Lokacin komawa aiki shi ne mafi munin lokacin dainawa. In yana sa shi kasala da safe, a gaya wa likita ya gyara lokacin sha ko ya canja. Kada kuma ya karɓi ƙwayar barci ko ta ƙarin kuzari daga kemis ko daga hannun aboki, da yawa daga nan suka faɗa wani ramin da ya fi na farko zurfi.

Yayansa kuwa, mai cewa namiji ba ya haka, sau da yawa tsoro ne ke sa mutum irin wannan magana, bai san yadda zai yi da ganin ƙaninsa a haka ba. Ki nemi ya raka shi asibiti sau ɗaya ya ji daga bakin likita. Sannan a ba shi abin yi. In yana da hali ya ɗauki kuɗin makarantar yara na zango ɗaya, wannan zai sauke wa ƙaninsa dutse daga ƙirji fiye da duk wata nasiha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku ma ku zauna ku yi lissafin gida a kan rabin albashi, ku ga me za a iya ɗagewa, ku tambayi bankin ko za a sassauta cirar bashin motar na 'yan watanni. Tsoron talauci da ba a zauna an ƙirga shi ba ya fi wanda aka rubuta a takarda girma.

A gida, tun yanzu ranakunsa su fara kama da ranakun aiki. In ya dawo sallar asuba kada ya koma barci har hantsi. Ya yi wanka, ya sa kaya, ya kai yara makaranta, ya yi tafiyar ƙafa ta rabin awa kafin rana ta yi zafi. Ya samu wani abu da zai riƙa yi da hannunsa. A kudancin Suwidin, a wani wuri da ake kira Alnarp, jami'ar aikin gona ta ƙasar ta buɗe lambu tun 2002 musamman don masu irin wannan lalura, suna zuwa suna shuka suna ban ruwa a matsayin wani ɓangare na jinyarsu kafin su koma aiki. Ku ba sai kun je ko'ina ba, 'yan buhunan ƙasa a tsakar gida da irin tumatir da alayyafo, ko tunkiya ɗaya da zai riƙa yi wa dusa, sun isa. Ya kuma riƙa ɗan karatu ko lissafi na minti ashirin yana ƙarawa, domin irin wannan gajiyar takan taɓa riƙe abu a ka, kuma kada ya firgita in ya ga yana mantuwa, tana dawowa a hankali. In ya koma aiki, waya ta kwana a falo daga sallar isha'i.

Zai damu da abin da zai ce wa mutane ranar farko, ko bai faɗa miki ba. A gabansu ya faɗi, kuma ya san an yi maganarsa. Ku shirya jimla ɗaya tun a gida: “Jikina ne ya gaji, jinina ya hau, likita ya ce in huta, yanzu alhamdu lillahi.” Gaskiya ce, kuma ta isa. Ba dole ne kowa ya san wane likita yake gani ba. Kada kuma ranar farkon ta zama Litinin. Ya fara ranar Laraba, ya yi kwana biyu ko uku, hutun ƙarshen mako ya tarbe shi.

Akwai tambayar da nake so ki yi masa, ko da za ta yi miki nauyi a baki. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu ya huta, ko tunanin cutar da kansa ya taɓa zo masa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ko kika ji yana cewa ya zame muku kaya, ko ya fara sallama da rabon abubuwansa, a ranar za ku tafi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, ki kawar da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari daga gidan, magungunansa kuma su koma hannunki. Bayan ya koma aiki ki sa ido a kan barcinsa, don shi ne yakan fara lalacewa. Dare uku a jere yana juyi, ko ya koma ture abinci, to a koma wurin likita a rage mataki, kada a jira faɗuwa ta biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, yana yiwuwa ku yi duk wannan bankin ya ce shi bai san zancen ba, ko cikakken aiki ko babu. In haka ta faru, sai likita ya duba ko za a ƙara hutun, ku kuma ku nemi wakilin ƙungiya ko lauyan da ya san harkar ƙwadago kafin a sa hannu a kowace takarda. Yana yiwuwa kuma bayan ya koma ya tsaya da ƙafarsa, shi da kansa ya ga cewa wannan aikin ba nasa ba ne kuma. Wannan shawara ce da zai yanke da lafiyarsa, da albashi a hannu, yana neman wani wurin a natse.

Ke ma ki samu wadda za ki riƙa sauke wa naki nauyin, 'yar'uwa ko aminiya mai riƙe sirri, kuma in akwai inda za ki tura yara su yi kwana biyu, ki tura su ki yi barci.

Daren yau, bayan yara sun kwanta, kada ki ambaci saura sati uku. Ki ce masa kin yarda ba zai koma yadda yake da ba, kuma kina so ku je wurin likita jibi a rubuta hakan. Sannan ki tambaye shi, a duk ofishin nan wa yake kewa. In ya ambaci suna, ki ce ya kira shi gobe su haɗu a wurin mai tsire.